Manaslu, 26 ga Satumba 2022: Gawa Biyu, Makoki Ɗaya

Da hantsin ranar Litinin 26 ga Satumba 2022, ƙarfe 10:42, Hilaree Nelson da abokin zamanta Jim Morrison suka taka ƙololuwar dutsen Manaslu da ke ƙasar Nepal. Tsayinsa mita 8,163, shi ne dutse na takwas a tsayi a duniya. Iska na kaɗawa, sanyi na sara, babu wurin zama balle hira. Nan da nan suka ɗaura allunan zamiya a ƙafafunsu, da niyyar su kewaya wata kusurwa su haɗu da 'yan Sherpa, wato 'yan Nepal masu yi wa masu hawa jagora da dako, da suka rako su. Morrison ne ya fara sauka. Nelson ta biyo bayansa, ba ta yi nisa ba sai dusar ƙanƙarar da take kai ta ɓalle. Ba wata gagarumar zaftarewa ba ce, shi kansa Morrison ƙarama ya kira ta. Amma ta isa ta kwashe mata ƙafa, ta yi da ita fuskar kudu, wato bayan dutsen, ba ɓangaren da suka bi suka hau ba. Ta gangara fiye da mita 1,500. Shekarunta 49, ta bar 'ya'ya maza biyu.

A wannan rana, a wannan dutse, can ƙasa da su tsakanin zango na 3 da na 4 na wuraren da masu hawa ke kafa tanti a hanya, wata zaftarewar daban, babba, ta rufta wa jerin mutanen da ke hawa, mafi yawansu ma'aikata masu ɗauke da kaya. Ta kashe wani ɗan Nepal mai suna Anup Rai, ta raunata sama da mutum 10. Duk wanda ya bi labarun wannan mako ya san fuskar Nelson, ya san garinsu, ya san duwatsun da ta hau. Anup Rai kuwa a yawancin jaridun waje layi ɗaya ya samu, shi ma a ƙasan labarin wata.

Wannan ne ya sa na ɗauko lamarin. Ba don in rage wa Nelson komai ba, domin kukan da aka yi mata ta cancance shi. Sai don makokin da aka yi ya ba da labarin rabin dutsen ne kawai.

Ga wanda bai taɓa gani ba, zamiyar ƙanƙara ita ce mutum ya ɗaure dogayen alluna biyu sirara a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya gangaro daga tudu a kan dusa. A Turai da Amurka dubban dubatar mutane na yin ta don nishaɗi, a wuraren da aka share, aka kafa shinge, aka ajiye masu ceto, ga kujerun da ke rataye a waya suna kai mutum sama ba tare da ya yi gumi ba. Abin da su Nelson ke yi suna kawai ya haɗa shi da wannan. Su da ƙafa suke hawa, mako da makonni, allunan na goye a baya, sannan su sauko ta inda sau da yawa babu wanda ya taɓa saukowa. Gangaren kan kai digiri 45 zuwa 50, wanda in mutum ya tsaya a kansa ya miƙa hannu gefe zai taɓa jikin dutsen. Mai hawa da ƙafa yana maƙale da igiyar da aka kafa, in ya zame ta riƙe shi. Mai zamiya dole ya saki igiya, don ba a zamiya a ɗaure. Ga kuma iska: sama da mita 8,000, abin da huhu ke samu a kowane numfashi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a bakin teku ba. Tunani kan yi nauyi, ƙafa kan ƙi bin umarni. A irin wannan wuri doka ɗaya ce, ba a faɗuwa.

Ita wace ce

An haifi Nelson a Seattle cikin Disamba 1972. Bayan ta gama kwaleji a jihar Colorado ta tafi Chamonix da ke Faransa, garin da ke gindin dutsen Mont Blanc, inda kusan duk wanda ya yi suna a wannan sana'a ya taɓa zama. Ta je ne a matsayin mai zamiya, can ta koyi hawa. Daga baya ta yi gida a Telluride, wani ƙaramin gari a tsakiyar duwatsun Colorado, inda ta yi renon 'ya'yanta. Ta yi tafiye-tafiyen hawa sama da 40.

Uku daga ciki su suka ɗaga sunanta. A 2012 ta hau Everest da maƙwabcinsa Lhotse cikin awa 24, ita ce mace ta farko da ta haɗa duwatsu biyu masu sama da mita 8,000 a wannan ɗan lokaci. A 2017 ta sauko da zamiya daga Papsura a Indiya, dutsen da ya kore ta shekaru huɗu kafin nan. Sai kuma 30 ga Satumba 2018, ranar da ita da Morrison suka zama na farko da suka sauko da zamiya tun daga ƙololuwar Lhotse, mita 8,516, ta cikin wani siririn kwazazzabo da gwanaye da dama suka yi shekaru suna haɗiyar yawu a kansa. A wannan shekara kamfanin The North Face, mai yin tufafi da kayan hawan dutse, ya naɗa ta shugabar tawagar 'yan wasansa, ta gaji Conrad Anker wanda ya daɗe a kan kujerar, ita ce mace ta farko da ta riƙe ta. Abin lura, duk manyan ayyukan nan ta yi su ne tana dab da shekara 40 ko ta haura, a shekarun da yawancin 'yan wasa suka riga suka ajiye takalmi.

Shi kuma Morrison maginin gidaje ne daga yankin tafkin Tahoe a California. A 2011 haɗarin ƙaramin jirgin sama ya kashe matarsa da 'ya'yansa biyu ƙanana a rana ɗaya. Ya sha faɗa cewa dutse ne ya riƙe shi bayan wannan rashi. Ku riƙe wannan, don shi ne mutumin da ya tsaya a kan ƙololuwar Manaslu yana kallon inda ta ɓace.

Dutsen a wannan kaka

Sunan Manaslu daga harshen Sanskrit ya fito, ana fassara shi da dutsen ruhu. Ɗan Japan Toshio Imanishi da Gyalzen Norbu Sherpa su suka fara hawansa, ranar 9 ga Mayu 1956. Kamfanonin jagora suna tallata shi a matsayin ɗaya daga cikin masu sauƙi a jerin duwatsu 14 da suka haura mita 8,000, wurin da mai son Everest ke zuwa gwada ƙashinsa. Sauƙin nan na hawa ne kawai, ba na tsira ba. A 1972 zaftarewa ɗaya ta kashe mutum 15 na ayarin Koriya ta Kudu, 10 daga cikinsu 'yan Nepal. Ranar 23 ga Satumba 2012, da asuba, wata ta share zango na 3 mutane na barci a tantuna, ta kashe 11. Cikinsu akwai gwanayen zamiya biyu 'yan Faransa, Rémy Lécluse da Gregory Costa. Abokin tafiyarsu Ba'amurke, Glen Plake, an mirgina shi ɗaruruwan mita yana cikin tantinsa, ya tashi da rai. Shekara 10 cif da kwana uku ke nan kafin ranar Nelson.

Abubuwa biyu suka tara jama'a a Manaslu a 2022 fiye da kowane lokaci. Na farko, Sin ta rufe duwatsun ɓangaren Tibet tun lokacin annobar korona, sai masu zuwa can suka karkato. Na biyu ya fi ban mamaki. A 2021 wani ɗan Ostireliya mai ɗaukar hoto, Jackson Groves, ya tashi jirgi marar matuƙi a saman dutsen, hotunan suka nuna ƙarara abin da masana suka daɗe suna gunaguni a kai: yawancin waɗanda suka ce sun hau Manaslu a shekarun baya sun tsaya ne a wani tudu kafin ainihin ƙololuwar. Tazarar 'yan mitoci ce, amma a kan wata siririyar kafaɗa mai haɗari. A wannan kakar ne jagora Mingma G ya bi ta gefe ya kai ayarinsa can ƙarshe. Daga nan masu riƙe da kundin hawan Himalaya suka ce ba za su ƙara lissafa wanda ya tsaya a tudun farko ba. Sai ga mutanen da suka riga suka yi biki suka rataye takardar shaida a bango suna dawowa su cike gurbi. Gwamnatin Nepal ta ba baƙi 404 izinin hawa a kakar 2022. Kowane baƙo kuma akwai masu kafa masa igiya, masu ɗaukar masa tulun iskar shaƙa, masu dafa masa abinci.

Ana cikin haka damina ta ƙi tafiya. A Himalaya ana jiran ruwan daminar Indiya ya ɗauke a watan Satumba kafin sama ta washe. A wannan shekara ya yi ta zuba, a ƙasa ruwa, a sama dusa, tana ta hawa kan juna. Nelson da Morrison sun yi yunƙurin farko suka juya daga wajen zango na 3, don sun ga hanyar ba ta da aminci. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarta ta rubuta a shafinta na Instagram cewa ba ta jin ƙafarta ta kafu a Manaslu kamar yadda ta saba ji a manyan duwatsu, kuma ruwan da ba ya ɗaukewa ya cika ta da kewar gida. Bayan abin ya faru mutane sun yi ta yaɗa wannan rubutu suna cewa jiki magayi. Ni ban cika son irin wannan karatu na bayan fage ba. Wanda ya yi mako uku a jiƙaƙƙen tanti zai yi kewar gida ko da zai kai shekara 90. Abin da rubutun ya tabbatar shi ne ta san halin da dutsen ke ciki, ba a makance ta koma ba.

Yadda ƙaramar zaftarewa ke kisa a irin wannan wuri ba abu ne mai wuyar fahimta ba. Iska kan kwashi sabuwar dusa daga wannan gefe ta jibge a wancan, ta danne ta har ta yi tauri kamar faifai, alhali ta ƙarƙashinta gari-gari ce, ba su kama juna ba. Daga sama sai ka ga wuri lafiya lau. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsaga faifan, ya zame da wanda ke kansa. Wucewar na farko lafiya kuma ba shaida ba ce, sau da yawa shi ya sassauta, na biyu ya ƙarasa. A gangaren da ke da fili a ƙasa, mutum ya mirgina ya tashi ya kakkaɓe jikinsa. A ƙarƙashin ƙololuwar Manaslu ta kudu babu fili.

To ganganci ne ko tsautsayi? Wanda ya ce ganganci sai ya yi bayanin yadda mai ganganci ta yi sama da shekara 20 a wannan aiki tana dawowa gida, da yadda ta juya a yunƙurin farko. Wanda kuma ya ce tsautsayi ne zalla, wanda ba ya wuce ranarsa, ya manta cewa dutsen ya yi makonni yana gargaɗi, kuma a wannan ranar ma ya zubar a wani wuri. Abin da nake gani shi ne lissafi ta yi irin wanda ta saba yi, lissafin da ya sha fitar da ita, ɗaruruwan mutane kuma suka yi irinsa a wannan mako. Ruwa na cin gwani, ba don ya manta iyo ba, sai don shi ne ke shiga inda ɗan koyo ba ya zuwa.

Nema

Morrison bai iya bin ta ba, fuskar kudu ba ta biyuwa daga sama. Ya sauko ta hanyar da suka hau don neman agaji. Rahotannin farko sun ce cikin wani rami na ƙanƙara ta faɗa, wannan ya sa wasu suka riƙe fatan ko tana raye. Ranar Litinin yanayi ya hana jirage masu saukar ungulu zuwa wurin. Ranar Talata aka tashi aka yi ta kewayawa ba a dace ba. Sai Laraba, 28 ga wata, matuƙi Surendra Paudel ya sauke masu nema a tsayin kusan mita 6,700, inda iska ta yi siririyar da fukafukan jirgi da ƙyar suke samun abin kamawa. Morrison da Mingma Tenzi Sherpa suka bi sawu, da ƙarfe 10:30 na safe suka iske gawarta. A ranar aka kai ta Kathmandu.

Ba kowa ke samun wannan ba. Marco Siffredi, matashin Bafaranshen da ya ɓace a fuskar arewa ta Everest ranar 8 ga Satumba 2002 yana saukowa a kan allo, har yau ba a ga ko safar hannunsa ba.

Makoki

Ranar Lahadi 2 ga Oktoba aka yi mata jana'iza a Kathmandu bisa al'adar mabiya Buddha. An ɗauki gawar a buɗaɗɗiyar mota da aka yi wa ado da furanni da hotonta, aka kai ta filin ƙona gawa na 'yan Sherpa da ke gindin tudun Swayambhunath. Limaman Buddha suka yi addu'o'insu da bushe-bushensu, masu makoki suka kunna turare, aka sa wuta. Ga mai karatu na wajenmu, Musulmi ko Kirista, ƙona gawa abu ne mai tayar da tsikar jiki. A wurin Sherpa kuwa ita ce sutura, kuma buɗe wa baƙuwa wannan fili karramawa ce da ba kowane Bature ke samu ba. 'Yan Nepal da dama da suka yi aiki da ita sun halarta, babu wanda ya tilasta musu.

A kafafen sada zumunta kuwa abin ya yi kama da ambaliya. Saƙonnin da suka fi taɓa ni su ne na mata masu hawa. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗin abu guda ta hanyoyi daban: kafin Nelson an koya musu cewa mace ta zaɓa, ko dutse ko goyo. Ita ta yi duka biyun, ba ta kuma ɓoye wahalar ba. Ta sha yin magana a fili kan zargin kai da ke cin ta in ta bar yara ta tafi, da yadda aurenta ya mutu, da yadda ake mata tambayar da ba a yi wa maza.

Tambayar tana da tarihi. Alison Hargreaves, 'yar Birtaniya, ta hau Everest ba tulun iska ba mai tallafa mata a watan Mayu 1995. Wata uku bayan nan, ranar 13 ga Agusta, guguwa ta kashe ta a dutsen K2, tana da shekara 33 da yara biyu ƙanana. Jaridun ƙasarta suka yi mata ca, suka kira ta mai son kai, uwar da ta fifita suna a kan 'ya'ya. Shekara ɗaya ba ta cika ba Rob Hall na New Zealand ya mutu a Everest, matarsa na da ciki, aka kira shi gwarzo. A 2022 masu irin wannan magana ba su ƙare ba, suna nan a ƙarƙashin kowane labari, amma wannan karon manyan jaridu ba su ara musu baki ba. In akwai abin da ya sauya cikin shekara 27, shi ne wannan, kuma Nelson na cikin waɗanda suka sauya shi. Sai dai kada a ɗauka tambayar ta mutu don an daina yi wa mata ita. Yara biyu sun rasa uwa. Gyaran da ya dace shi ne a riƙa yi wa uba tambayar shi ma, ba a daina yin ta gaba ɗaya ba. Ɗan Hargreaves, Tom Ballard, wanda ke da shekara 6 lokacin da ta rasu, ya girma ya zama gwanin hawa, ya mutu a dutsen Nanga Parbat a 2019.

Akwai wata jimla da ba a rasa ta a duk makokin 'yan wannan sana'a: ya mutu yana yin abin da yake so. An faɗe ta a kan Doug Coombs a 2006, an faɗe ta a kan JP Auclair da Andreas Fransson da zaftarewa ta tafi da su tare a dutsen San Lorenzo, kan iyakar Chile da Ajantina, ranar 29 ga Satumba 2014. An faɗe ta a kan Nelson sau ba adadi. Ba ƙarya ba ce. Tana da aiki irin na "sai haƙuri" a zaman makokinmu, abin da baki ke samu ya faɗa lokacin da babu abin faɗa. Amma tana da wani aikin na biyu da ba a cika lura da shi ba: tana rufe bincike. In mutum ya mutu yana yin abin da yake so, to babu wanda za a tambaya me ya sa aka ba mutum 404 izini a hanya ɗaya, ko wa ke yanke shawarar a tura masu kaya sama bayan an kwana ana zuba dusa. Nepal ba ta da al'adar fitar da cikakken rahoton bincike bayan irin wannan haɗari, kamfanoni kuma kasuwarsu ba ta son dogon bayani.

Kuma jimlar ba ta shiga jikin Anup Rai.

Ɗayan mamacin

Tun daga sunansa akwai abin lura. Rai wata ƙabila ce ta gabashin Nepal, ba Sherpa ba ce. Sherpa sunan al'umma ne masu harshensu da addininsu, amma baƙi sun mayar da shi sunan aiki, har duk wanda ya goya kaya a dutse ya zama Sherpa, ko Rai ne, ko Tamang, ko Gurung. Mutum ya mutu a bakin aiki, a rubuta sunan wata ƙabila a kan gawarsa.

Haɗarin da ma'aikaci ke shiga ba ɗaya yake da na baƙo ba. Baƙo kan ratsa gangare mai haɗari sau biyu ko uku a duk tafiyar, a ranar da aka zaɓa masa. Ma'aikaci kan ratsa shi sau da yawa, yana kai tanti, ya dawo ya kai tulun iska, ya dawo ya kai abinci da igiya, kuma shi ake turawa gaba ya fasa sabuwar dusa don a san ko hanya ta yi. Akwai 'yan Nepal da suke son dutse tsakani da Allah, wasunsu yanzu su ne masu kamfani, su ne masu kafa tarihi. Amma ga mafi yawa, kuɗin kaka ɗaya a dutse ya fi abin da gona za ta ba su a shekara, shi ke biyan kuɗin makarantar yara a Kathmandu don kada su ma su gaji igiya. Wanda ya hau don kada ɗansa ya hau, da wane baki za a ce ya mutu yana yin abin da yake so?

Sun taɓa faɗin wannan da babbar murya. Ranar 18 ga Afrilu 2014 wani ƙaton curin ƙanƙara ya faɗo a mashigar Khumbu ta Everest, ya kashe 'yan Nepal 16, babu baƙo ko ɗaya. Gwamnati ta yi wa kowane iyali tayin rupi 40,000, kimanin dala 400, kuɗin da ko jana'iza ba zai gama ba. Ma'aikata suka ajiye aiki, kakar ta watse. Sai bayan nan aka ɗaga inshorar rai daga rupi miliyan 1 zuwa miliyan 1.5. Wasu masu hawa na Amurka, Melissa Arnot da David Morton, sun kafa gidauniyar Juniper don tallafa wa iyalan ma'aikatan da dutse ya ci. Aikin kirki ne, amma kasancewar sai da gidauniya ya isa ya nuna girman ramin.

Ba Nelson ce ta tsara duniya haka ba, kuma Morrison a saƙon da ya sanar da ganin gawarta ya ambaci matuƙin da Sherpan da suka taimake shi. Jarida kuma inda masu karatu suke take kallo: Ba'amurkiya mai kamfani a bayanta, mai finafinai, mai dubban mabiya, dole labarinta ya fi tafiya. Na san wannan. Amma ko a ranar jana'izarta, Lahadi 2 ga Oktoba, dutsen bai huta ba. Zaftarewa ta sauko har sansanin gindin dutse ta yi watsi da tantuna, wata kuma tsakanin zango na 1 da na 2 ta kashe Dawa Chhiring Sherpa. Hayaƙin gawar Nelson na tashi a Kathmandu, ana tono gawar wani a Manaslu. Bayan wannan ne yawancin ayarori suka tattara kayansu suka sauka.

Abin da Morrison ya yi da makokinsa

Manaslu ba shi ne ƙarshen shirinsu ba. Abin da suka sa a gaba shi ne Everest ta fuskar arewa, ta kwazazzabon Hornbein, wanda Tom Hornbein da Willi Unsoeld suka fara bi a 1963, wanda kuma ya haɗiye Siffredi. Mutumin da ya rasa iyalinsa sau biyu, da ya ce ya haƙura da dutse babu wanda zai ga laifinsa. Bai haƙura ba. Wasu sun ga jarumta a nan, wasu sun ga mutumin da bai san wani wurin da zai kai baƙin cikinsa ba. Ina jin duka biyun gaskiya ne, kuma ban ga dalilin da zai sa sai an zaɓi ɗaya ba.

Ya je a 2023 bai samu ba. Ya koma a 2024 ya dawo. Ranar 15 ga Oktoba 2025, yana da shekara 50, ya kai ƙololuwar Everest tare da Jimmy Chin mai ɗaukar fim da ayarin da suka haɗa da 'yan Nepal masu kafa igiya. A can ya watsa tokar Hilaree Nelson. Sannan ya ɗaura alluna ya shiga kwazazzabon shi kaɗai, ya yi awa 4 da minti 5 yana saukowa, kusan mita 3,650, har ya isa kan ƙanƙarar Rongbuk da ke gindin dutsen, mutum na farko da ya taɓa yin haka. Waɗanda suka kafa igiyar da ta kai shi sama kuwa suka juya, suka bi ta da hannu da ƙafa suka sauko a bayansa.